Layin da Ya Rage a Littafin Bu Warsiti

Shekara ashirin da ɗaya Bu Warsiti, wato Malama Warsiti a bakin mutanen garinsu, ta yi tana aikin jinya kafin hukuma ta gano cewa ba ta iya ba. Ba a kama ta da wani laifi ba. Takarda ce kawai ta zo daga sama, shafi biyu, da hatimi, tana cewa nan da shekara uku duk wanda zai shugabanci ɗakin majiyyata sai mai digiri. Mai difloma ya ci gaba da aikinsa, Allah ya ba da lada. Ita kuwa difloma ce da ita, kuma ta daɗe tana riƙon ƙwaryar shugabancin ɗakin mata da ke hawa na uku, daɗewar da har masu shara sun manta cewa riƙon ƙwarya ne.

Sai ta koma makaranta tana da shekara arba'in da huɗu. Shekara biyu tana hawa babur duk Asabar da Lahadi zuwa wata kwaleji a bayan tashar mota, tana cusa kanta a kujerar da aka ƙera don ƙugun 'yan shekara goma sha tara, wani malami da yake rarrafe lokacin da ta fara ɗaura wa mutane ruwa yana yi mata bayanin yadda ake sauraron majiyyaci da zuciya ɗaya. Ta saurare shi da zuciya ɗaya. Ta ci jarrabawa.

Shekara ta uku ita ce ta gwaji a asibiti, kuma a nan ne hikimar tsarin ta fito fili. Ɗaliba ba ta yin gwaji a ɗakin da take aiki. Don haka daga bakwai na safe zuwa biyu na rana Bu Warsiti ɗaliba ce a ɗakin maza, hawa na biyu, cikin fararen kaya, da ƙaramin allo a ƙirji an rubuta sunanta da matsayinta. Daga biyu zuwa tara kuma shugaba ce a hawa na uku cikin korayen kaya. Tsakanin mutanen nan biyu akwai matakala goma sha takwas da wani ɗan ɗakin ajiya inda take canza riga a tsaye, tsakanin kwalayen safar hannu.

Tun da ta shiga wannan hanya ta zama ofishin amsa tambaya. Duk nas mai difloma a asibitin, da ta gan ta a kantin abinci na baya, sai ta ɗauko farantinta ta zo ta zauna.

“Bu War, wai shekara nawa ake yi?”

“Uku. A jiki kuma goma.”

“Ana iya haɗawa da aiki?”

“Ana iyawa. Barci ne ba a haɗawa.”

“To shekarun da mutum ya yi yana aiki fa, ba sa rage masa komai?”

“Suna ragewa mana. Gwiwa.”

Sai su yi dariya, ita kuwa ta ci gaba da cin shinkafarta da ganye da miyar gyaɗa, don ba wasa take yi ba. Tambaya ɗaya ce ba ta amsawa. Idan aka ce, “To Bu, ya ya, abin ya cancanci wahalar?” sai ta kira mai kantin ta ce a ƙaro mata shayi.

Kowace ɗaliba tana da littafi mai shuɗin bango, da layi casa'in da uku. Kowane layi aiki ɗaya ne da dole ta yi a gaban mai kula da ita, ita kuma ta sa hannu cewa ta gani. Shimfiɗa gado da majiyyaci a kai. Neman jijiya. Sa robar fitsari. Bu Warsiti ta yi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna wa jama'a cewa ta iya tauna abinci. Layi casa'in da biyu sun cika. Saura na ƙarshe: kula da gawa kafin a miƙa ta ga dangi. Cire ruwa da robobi, goge jiki, rufe ido, ɗaure haɓa, ɗaure ƙafa, lulluɓewa.

Ranar Juma'a kafin azahar ake miƙa littafi. Wanda bai cika ba sai ya jira zagaye na gaba, wata shida. A ƙarshen watan nan kuma asibiti zai naɗa shugabar hawa na uku ta dindindin, kuma takardar nan mai shafi biyu ba ta san wata shida ba.

Sati shida ke nan tana jiran layin nan. A hawa na uku, cikin korayen kaya, mata huɗu ta ɗaure wa haɓa a satittikan nan, da hannun nan nata. Ba su shiga lissafi ba, domin shugaba ce ta yi, ba ɗaliba ba. Mazan hawa na biyu kuwa kamar sun haɗa baki: ba mai mutuwa da safe. Sai ta canza riga ta haura sama, sannan ta ji ƙarar gadon ƙarfen ɗaukar gawa yana wucewa a ƙasa.

Sauran 'yan ajinta tuni aka sa musu hannu a layin. Wasu a kan kofin shayi aka sa musu, ba gawa ba dalilinta, don masu kula da su mutane ne masu sauƙin kai. Ita Bu Warsiti sai rabonta ya faɗa hannun Galuh.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Galuh ta zo hawa na uku, yarinya sabuwa fil, ga gudu ga son a yaba mata. A satinta na biyu ta sa hannu a takardar wata majiyyaciya cewa an ba ta magani, don wata nas ta ce mata ta bayar. Ba a bayar ba. Bu Warsiti ta tsayar da ita a tsakiyar baranda, gaban masu jinya da mai tura abinci, ta ce mata, “Hannunki ba ya rubuta abin da idonki bai gani ba. Ko uwarki ce ta ce ta yi.” Galuh ta yi kuka a banɗaki har aka yi la'asar. Daga baya ta je ta yi digirinta tun da sauran gwiwa, ta dawo, aka ba ta kula da ɗalibai a ɗakin maza. A duk asibitin ba a taɓa jin ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Bu Warsiti takan yi alfahari da wannan, har zuwa bana.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba wanda ke faɗa: idan Bu Warsiti ba ta kammala ba, mai digiri ɗaya tak da shekarunta suka kai ta hau kujerar hawa na uku ita ce Galuh. Shi ya sa Bu Warsiti ba za ta roƙa ba. Shi ya sa kuma Galuh, in ta yi sassauci a ce tsoron tsohuwar uwar ɗakinta take ji, in ta tsananta a ce kujera take so. Sai suka koma gaisuwa mai tsawo da ladabi, irin ta mutanen da ke da magana a ciki.

Ranar Alhamis da safe Bu Warsiti ta shigo ta tarar an ja labule a gado na bakwai.

Mbah Ngadiman ne, wato Kaka Ngadiman, tsohon manomin taba daga kan dutse, shekara tamanin da wani abu, zuciyarsa ta gaji, ƙafafu sun kumbura. Kwana biyu bai ci komai ba. Tun asuba ya daina amsawa. Likita ya duba shi ya ce wa iyalin su kira wanda za su kira, sun kuwa kira: 'ya'ya, surukai, wani ƙane da ya zo da hular zuwa jana'iza a kansa. Sun shimfiɗa tabarma a ƙasa suna karanta Yasin ƙasa-ƙasa. Wata suruka ta fita baranda tana waya a kan tanti da kujeru da kilo nawa na shinkafa za a jiƙa.

Galuh ta tsaya kusa da Bu Warsiti da faifan takardu a ƙirji. Ba ta dube ta ba ta ce, “Bu, ku ne da gado na bakwai yau.”

“To, Bu Galuh,” in ji Bu Warsiti. Cikin fararen kaya haka take kiran ta.

Ta gyara masa matashi. Ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Ta duba ruwan da ke ɗiga. Sannan ta kama kanta tana duba agogon bango: tara da kwata. Sa'a huɗu da minti arba'in da biyar suka rage mata cikin fararen kaya. Ta yi lissafin kafin ta ankara tana yi. A shekara ashirin da huɗu ta tsaya a kan mutane da yawa suna fita, ta gaji da wasu, ta yi kuka a kan kaɗan, amma ba ta taɓa tsayawa a kan wani tana fatan ya yi sauri ba. Ashe wannan ne sabon abin da digiri ya koya mata. Ta yi istigfari a zuci, ta juya wa agogon baya. Agogon bai damu ba, tana jin sa.

Wajen goma da rabi ta ɗauki tawul za ta goge masa fuska. Goshinsa sharkaf da gumi, gumi mai sanyi, har ya jiƙa matashi. Ta taɓa wuyansa, ta taɓa tafin hannunsa. Ta tsaya.

Ta san gumin masu tafiya. Wannan ba shi ba ne. Numfashinsa ma bai yi irin yankewar nan da dawowa ba, yana tafiya daidai kamar na mai barci mai nauyi. Ba ta so ta lura ba. Hannunta ne ya lura, shi kuwa ba ya shawara da ita.

Ta dubi babbar 'yarsa, wata mata mai kumburarrun idanu da ke riƙe da ƙafarsa.

“Bu, Mbah yana da ciwon suga?”

“Yana da shi, Bu. Shekara goma sha biyar. Amma ba mu taɓa wasa da maganinsa ba.” Matar ta faɗa da ɗan alfahari, ta zaro wani ƙullin leda daga jakarta. “Ko a nan ban bari ya tsallake ba. Da ya daina haɗiya sai nake daka masa a cokali, in ɗiga masa da ruwa. Safe da yamma.”

“Bai ci abinci ba kwana biyu.”

“Ai shi ya sa, Bu. Na ce abinci ya ƙi, to kar magani ma ya ƙi.”

Bu Warsiti ta dubi ƙwayoyin, ta dubi tsohon. A takardarsa ba a rubuta maganin nan ba, don ba wanda ya san ana ba shi. In ta bar shi haka, layinta ya cika. Ba wanda zai taɓa sani. Likita ya riga ya yi magana, an riga an kira mai tanti. Ita ɗaliba ce, aikinta goge fuska.

Ta yaye labulen da ƙarfi har ƙarafunansa suka yi ƙara.

“Galuh! Na'urar awon suga, yanzu! Ki sa a kira likita, ki taho da ruwan suga mai kauri da babban sirinji. Nduk, gudu na ce!”

Nduk, yadda uwa ke kiran 'yarta. Rabon da ta kira ta haka tun kafin fararen kaya. Galuh ta ajiye faifan a kan gadon wani ta ruga, ɗaliba ta aiki malamarta a gaban ɗaki guda, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Na'urar ta nuna lambar da ta sa Galuh ta ce innalillahi. Likita ya ba da izini ta waya yana tahowa. Ɗaliba ba ta yin allurar jijiya sai mai kula da ita tana tsaye, to tana tsaye. Bu Warsiti ta tura ruwan a hankali, tana kallon fuskar tsohon. Masu Yasin sun yi shiru a tsakiyar aya.

Kafin sirinji na biyu ya ƙare Mbah Ngadiman ya motsa baki. Ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ya bi jama'ar da ke kansa da kallo, ya tsaya a kan ƙanensa mai hula.

“Kai kuma wa ya mutu?” ya ce.

'Yar ta fashe da kuka ta faɗa kan ƙafafunsa. Ƙanen ya cire hular ya rasa inda zai sa ta. Tsohon ya ce a ba shi kofi, mai suga sosai, in kuma da mai taba a cikinsu ya taimaka. Surukar nan ta sake fita baranda da waya, aka ji tana cewa, “A'a, a fasa. Eh, ya tashi. To ni na sani? Shinkafar a dafa kawai.”

Likita ya zo, ya duba, ya karɓe ƙullin ledar, ya ce aikin ya yi kyau, wace ɗaliba ce? Da ya ga fuskar sai ya ji kunya ya ce, “Au, Bu War,” ya wuce.

Ta koma teburin ma'aikata ta buɗe shuɗin littafin, don dai ta tabbatar. Kula da wanda suga ya faɗi masa: layi na arba'in da ɗaya. An sa mata hannu a kansa tun watan Maris.

Biyu saura kwata ta shiga ɗakin ajiya. Ta zauna a kan kwali, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu. Gobe Juma'a ba ta da gwaji, ranar miƙa littafi ce. Shi ke nan. Ta yi ƙoƙarin jin haushi, ta ga ko shi yana bukatar ƙarfi. Ta fara tunanin yadda za ta kwashe kofinta da sallayarta daga ofishin hawa na uku ba tare da an taru ana yi mata jaje ba.

Aka ƙwanƙwasa. Galuh ce, da tire a hannu: bandeji, auduga, almakashi, tawul, da farin zanin gado a kafaɗa.

“Bu, akwai wata doka a bayan littafin, shafi na ƙarshe. In har lokaci ya ƙare ba a samu rasuwa ba, mai kula tana iya karɓar gwaji a kan mutum-mutumin roba. In ta ga dama. Sai ta rubuta rahoto shafi uku.”

“Na san da ita.”

“Kun sani? To me ya hana ku tambaya?”

“Ke me ya hana ki faɗa?”

Galuh ta gyara tiren a hannunta. “Da na faɗa, ce min za ku yi ba kwa son alfarma.”

“Da na ce.” Bu Warsiti ta mayar da takalminta. “Kuma mutum-mutumin asibitin nan ba shi da haɓa. Tun shekarar da aka yi ambaliya. Ƙirji ne kawai da rabin kai. Me zan ɗaure?”

“Na sani. Na duba shi ɗazu.” Galuh ta tura ƙofar da ƙafa ta rufe. A jikin bango akwai tsohon gadon tura majiyyata da taya ɗaya ta mutu. Ta kwashe kwalayen da ke kai, ta cire takalmanta ta jera su, ta hau ta miƙe. “Bismillah. Minti goma gare ku, ana jiran ku a sama.”

“Nduk, sauko. Ba kyau.”

“Ba zan sa hannu a kan abin da ba a yi a gabana ba. Wata muguwar mata ce ta koya min, a baranda, gaban mai tura abinci.”

“Kin san kujerar taki ce in kika yi shiru.”

“Hawa na uku? Da masu jinyar nan da ke soya kifi a banɗaki? Allah ya kiyaye. Ku riƙe kayanku.” Ta faɗa da sauri, idonta a kan rufin ɗakin, yadda Bu Warsiti ta gane cewa ta so kujerar, ta kuma kwana biyu tana so. Ba ta yi mata godiya ba. Akwai abin da in an gode wa mutum a kansa an ƙara masa ciwo.

Ta wanke hannu a ɗan famfon kusurwa, ta sa safa. Ta faɗi kowane mataki da baki kamar yadda littafi yake so: ta tabbatar da suna, ta cire ruwan da babu, ta cire robar da babu. Ta goge fuskar da tawul, goshi, kumatu, bayan kunne. A kusa haka ta ga furfura biyu a gaban gashin Galuh, inda ɗankwali ya zame. Yarinyar da ta yi kuka a banɗaki. Ta sa yatsu biyu ta rufe mata ido, bakinta ya fara addu'ar da yake yi a nan ba tare da an sa shi ba, sai ta katse ta a tsakiya ta ce, “Allah ya ba ki tsawon rai,” da ɗan faɗa-faɗa, kamar Galuh ce ta jawo.

Ta zagaya bandeji daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakiyar kai ta ƙulle. Ta haɗa manyan yatsun ƙafa ta ɗaure. Ta ɗora hannun dama a kan na hagu. Ta ja farin zanin tun daga ƙafa har ya rufe fuska, ta tsaya, ta ga zanin yana ɗagawa yana sauka a daidai hanci. A duk waɗanda ta lulluɓe, wannan ce ta farko da ta yi mata haka. 

“An gama,” ta ce.

Daga ƙarƙashin zani aka yi wani gunaguni. Ta kwance haɓar.

“Kun ɗaure da ƙarfi,” in ji Galuh, tana murza muƙamuƙi.

“Ba a taɓa kawo min ƙara ba.”

Galuh ta zauna a bakin gadon, ƙafafu a ɗaure har yanzu, ta karɓi littafin ta buɗe layi na casa'in da uku. Ta rubuta kwanan wata. A gurbin bayani ta rubuta cewa gwaji ne, ba rasuwa ba, ta sa hannu.

Bu Warsiti ta karɓa ta duba sa hannun, ta rufe littafin.

“Idonki a rufe yake,” ta ce. “Ba ki ga komai ba.”

“Bu War, don girman Allah ku haura sama.”

Ta cire fararen kayan ta naɗe, ta sa koraye. Biyu ta wuce da minti bakwai, shugabar hawa na uku ta makara. A kan matakala ta tara wata nas mai difloma ta tare ta, tana haki, ta ce dama tana neman ta, wai ana buɗe rajistar sabon zagaye wata mai zuwa, shin Bu tana ganin mutum ya shiga?

Bu Warsiti ta dafa ƙarfen matakalar ta huta.

“Ki fara sayen takalmi mai taushi,” ta ce, ta ci gaba da hawa.